Mulkin adimin: Wa ya ba shi ikon rufe bakin masoya 'yan fim?

Da dannawa ɗaya zai goge maganar ka, da ta biyu ya rufe bakin mutum ɗari biyar, da ta uku kuma ya yi waje da kai. Ba a zaɓe shi ba, ba a biyan sa ko sisi, amma a yau kusan duk hirar da ake yi kan finafinan Hausa a ƙarƙashin ikon sa ake yin ta.

Duk wanda ke cikin guruf ɗin masoya 'yan fim ya san wannan daren. An saki sabon kashi na wani shiri mai dogon zango, kowa ya kalla, hira ta yi daɗi, saƙo na shigowa kamar ruwan Agusta. Can sai wani ya ce jarumar ba ta iya kuka ba. Wata ta ce shi ne dai bai iya kallo ba. Kafin ka ce kwabo an bar maganar fim an koma kan iyaye. Ka ɗauko waya za ka sa baki, sai ka tarar wurin rubutun ya ɓace, an bar ma ka sanarwa cewa adimin ne kaɗai ke iya tura saƙo. Shi kenan, an kulle zaure, kowa ya kama gaban sa.

Irin haka ta faru a wani guruf na WhatsApp da na ke ciki, lokacin da aka sauya mai fitowa a matsayin Sumayya a shirin 'Labarina' na darakta Aminu Saira. Kamar yadda mai karatu ya sani, Nafisa Abdullahi ta bar shirin a 2022, Fati Washa ta karɓi rol ɗin. Guruf ya rabu gida biyu. Wata yarinya daga Maraɗi, wadda ko sau ɗaya ban taɓa ganin ta zagi kowa ba, ta rubuta ra'ayin ta cikin ladabi. Matsalar dai ra'ayin ya saɓa da na adimin. Ya goge saƙon. Ta ce, "Yaya, laifin me na yi?" Amsar da ta samu ita ce cirewa. A wannan daren kuma, wani abokin adimin ɗin ya ɗura wa wani ashar har da ambaton uwa, amma da gari ya waye ya na nan daram, har shi ne ya fara yi mana barka da asuba.

Tun daga ranar na ke tambayar kai na: wai shin wannan iko daga ina ya zo, ina iyakar sa, kuma wa ke tsawatar wa mai tsawatarwa?

DAGA TEBURIN MAI SHAYI ZUWA CIKIN WAYA

Gardama kan 'yan fim ba yau aka fara ba. Tun zamanin kaset, lokacin da 'Sangaya' da 'Wasila' ke tashe, ana yin ta a shagon haya, a teburin mai shayi, a gidan biki da ɗakin kwanan 'yan makaranta. Sai dai a can akwai abubuwa biyu da ke taka wa mutum birki. Na farko ido, domin da wuya ka dubi tsabar idon mutum ka zagi mahaifiyar sa. Na biyu babba, domin kowace majalisa ta na da wanda in ya yi gyaran murya za a yi shiru. Wanda kuma ya ke so duniya ta ji ra'ayin sa, sai ya rubuto wasiƙa zuwa mujalla, edita ya karanta, ya cire zagi, ya rage tsawo, ya buga abin da shafi zai ɗauka.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, abubuwa su ka fara sauyawa. Wanda ya ke da wayo a 2007 ba zai manta da yadda bidiyo guda ɗaya ya bi wayoyin mutane ta bulutut ba, har ya jawo aka dakatar da shirya fim a Kano na tsawon watanni, dubban masu cin abinci a industiri su ka shiga halin ni-'ya-su. A lokacin babu mai ikon tsayar da shi. To yanzu majalisar ta koma cikin waya kacokan, ido ya kau, kunya ta ragu, sai aka wayi gari babban majalisa shi ne duk wanda ya riga kowa buɗe guruf.

MAKAMAN DA KE HANNUN SA

Yawancin 'yan guruf ba su san iyakar abin da adimin zai iya yi ba, sai ranar da abin ya faɗo kan su. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

A WhatsApp, da farko ikon adimin bai wuce ya sa mutum ko ya cire shi ba. A 2018 ne kamfanin ya ba shi mukullin da ya fi kowanne ƙarfi, wato ya kulle guruf ta yadda shi da sauran adimin ne kawai za su yi magana. A wannan shekarar aka ba shi damar hana mambobi sauya suna da hoton guruf, aka kuma tsare wanda ya ƙirƙiri guruf ɗin, ta yadda sauran adimin ba za su iya yi ma sa juyin mulki su cire shi ba. A 2022 aka ƙara ma sa ikon goge saƙon kowa daga wayar kowa, sai dai za a ga alamar cewa adimin wane ne ya goge. A 2023 kuma aka ba shi damar tantance masu shigowa, ko da sun samu linkin guruf ɗin. Yawan mutanen da ya ke mulka ma ya ƙaru: daga 100 zuwa 256 a 2016, sannan 512, sannan 1,024 a ƙarshen 2022. Ka ga kuwa wannan ya fi ƙarfin majalisa, ya zama unguwa guda. Wani abin dariya kuma, in adimin ɗaya tilo ya yi fushi ya fice bai naɗa kowa ba, manhajar ce za ta ɗauki wani daga cikin mambobi ta ɗora ma sa rawani, ko da kuwa shi ne ya fi kowa fitina.

A Telegram abin ya fi haka girma, domin guruf ɗaya na iya ɗaukar mutum 200,000. A can mai guruf na iya rarraba iko kamar sarki da hakiman sa: wannan ya iya goge saƙo amma ba zai kori kowa ba, wancan ya iya kora amma ba zai naɗa sabon adimin ba. Ana iya hana mutum guda tura hoto ko sitika ko linki, a bar ma sa rubutu kawai. Tun 2019 kuma su ka kawo wani tsari na a-bi-a-hankali, in da in ka tura saƙo ɗaya sai ka jira wani lokaci, daga 'yan daƙiƙu har zuwa awa guda, kafin ka sake tura wani. Su adimin wannan jira bai shafe su ba.

A guruf ɗin Facebook kuwa muƙami biyu ne: adimin da modireta. Modireta kamar ɗan doka ya ke, ya na iya amincewa da fostin ko ya ƙi, ya goge, ya dakatar da mutum na 'yan kwanaki ko ya kore shi, amma ba shi da ikon taɓa tsarin guruf ko cire adimin. A nan ne ake da dokar nan da ke ci wa matasa tuwo a ƙwarya, ka yi rubutu ya zauna a layi sai an ga dama a sake shi.

IYAKAR DA BA ADIMIN YA SA BA

Akwai wata iyakar da ta fi ƙarfin adimin shi kan sa. Ka taɓa ƙoƙarin tura wani saƙo ga mutane da yawa wayar ta ce ma ka ba ka wuce biyar? Wannan ba matsalar sabis ba ce, kuma asalin ta daga Indiya ne, ƙasar su Shah Rukh Khan. A tsakanin 2017 da 2018, jita-jitar ɓarayin yara ta riƙa yawo a WhatsApp a can, jama'a su ka riƙa far wa baƙin fuska. A watan Yuli na 2018, a wani ƙauye da ke gundumar Dhule ta Jihar Maharashtra, an kashe mutum biyar a rana ɗaya kan wannan zargi. A watan ne kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda a Indiya, ya kuma shimfiɗa dokar a duk duniya a Janairun 2019. Da annobar korona ta zo, a Afrilun 2020, sai aka ƙara ɗaurewa: saƙon da ya sha yawo, mai alamar kibiya biyu, wuri ɗaya tak za ka iya tura shi. Kamfanin ya ce cikin 'yan makonni yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin ɗari.

Mu ma nan ba baƙin wannan masifa ba ne. Ku tuna daren nan na Agustan 2014 da aka riƙa tashin mutane daga barci wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha saboda Ibola, har aka ba da rahoton rasa rayuka.

Abin lura a nan shi ne, wannan iyaka ba ta san fuskar kowa ba. Ba ta tambayar ko kai masoyin wane ne, ba ta san ɗan gida ko bare ba. Jinkiri kawai ta ke kawowa, kuma sau da yawa jinkirin minti ɗaya ya ishi mai hankali ya sake tunani. Shi ya sa ba ka cika jin ana ƙorafi a kan ta ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kan sa.

IN BABU MAI TSAWATARWA

Kada wani ya ɗauka ana so a ce a soke adimin ne. Guruf ɗin da babu doka, sati biyu ya yi yawa ya koma kasuwar Kurmi: wannan na tallar atamfa, wancan na tallar maganin ƙarfi, wani ya turo saƙon murya na minti goma sha biyu, wata ta jero sitika arba'in ta cinye wa mutane data. Masu hankali sai su zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma mai sauƙi ne. Akwai abubuwa uku da su ka fi shi muni.

Na farko, gaba tsakanin masoya. Yaran da ke zagi da sunan kare gwanin su ba su san irin wutar da su ke hurawa ba. A 2019 saɓanin Ali Nuhu da Adam A. Zango ya fito fili bayan Adamu ya yi ƙorafin cewa ana zagin mahaifiyar sa a kafafen sada zumunta, magana ta yi tsami har ta kai gaban kotu a Kano kafin manya su shiga a sasanta. Su jaruman sun shirya, sun ci gaba da harkokin su, amma je ka wasu guruf-guruf ɗin ka gani, har gobe akwai masu riƙe da wannan gaba kamar gadon gidan su.

Na biyu, ƙarya. Sau nawa aka kashe ɗan fim da baki alhali ya na lokeshin ya na aiki? Sau nawa aka ɗaura wa 'yar wasa aure da hoton da aka ɗauko daga cikin fim, ko aka kashe ma ta auren da ta ke zaune lafiya a ciki? Mai turawa ya na ganin nishaɗi ne. Ita kuwa ta na da uwa da uba da ƙanne da za su shiga unguwa da safe.

Na uku, satar fasaha. Tun da kasuwar faifai ta mutu a Ƙofar Wambai da Bata, yawancin furodusoshi sun koma dogaro da YouTube da tashoshin talbijin. A YouTube kuwa yawan masu kallo ne ke kawo kuɗi. In wani ya sauke shirin ya watsa a guruf, musamman da ya ke Telegram da WhatsApp duk su na ɗaukar fayil mai nauyin gigabayit 2, to kowane mutum da ya kalla a nan asara ce ga mai fim. Abin takaici, sai ka ga guruf mai ɗauke da sunan jarumi, wai na masoyan sa ne, shi ne kuma kan gaba wajen raba aikin sa kyauta. Wace irin soyayya ce wannan?

Ga kuma hukuma a gefe. Ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod, sannan ga dokar laifuffukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok hukuncin bulala 20 da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon da su ka yi kan gwamnan lokacin. Maganar waya ta daina zama wasan yara.

Shin adimin na da laifi kan abin da wani ya tura? A Indiya, Babbar Kotun Bombay a 2021 da ta Kerala a 2022 sun ce a'a, sai in an nuna da haɗin bakin sa. Amma ɗaya daga cikin hujjojin su shi ne ba shi da ikon tace saƙon mutane, ikon sa bai wuce sa wa da cirewa ba. Bayan nan ne aka ba shi ikon gogewa. Sannan hukuncin Indiya ba ya ɗaure alƙalin Kano ko na Damagaram. Saboda haka adimin ɗin da ya ga ɓarna ya kau da kai, ya sani ya na wasa da wuta.

IN DA GIZO KE SAƘAR

To tunda an yarda dole a samu mai iko, me ya sa ake kuka da su? Amsar ta na cikin labarin yarinyar nan ta Maraɗi. Ba kulle guruf ne ya ɓata wa mutane rai ba, domin a daren ya cancanci a kulle. Abin da ya ɓata rai shi ne an hukunta mai ra'ayi an ƙyale mai zagi.

Da yawan adimin ɗin mu ba sa bambance suka da cin mutunci. Ka ce labarin fim ya yi tsawo ba dalili, cirewa. Ka ce waƙar ba ta dace da wurin da aka sa ta ba, a ce an turo ka ne. Ka ce an ɗauko labarin daga fim ɗin Indiya, a ce kai maƙiyi ne. Wasu kuma burin su kawai jarumin ya san da su, ya kira su a waya ko ya ɗauki hoto da su, don haka duk abin da ba yabo ba sai su share. A ƙarshe guruf ya koma fadar 'yan amshin Shata, babu abin da ake turawa sai hoto da addu'ar Allah ya ƙara ɗaukaka.

Wa ya yi asara? Industiri. Darakta ba zai ji gaskiya daga yaran sa ba, ba zai ji daga masu neman rol a wurin sa ba. Wurin 'yan kallo kaɗai zai ji, su da su ka sa datar su. In aka toshe wannan ƙofa, sai ya ci gaba da maimaita kuskure ana tafa ma sa, har ranar da zai duba ya ga masu kallo sun koma finafinan Indiya na fassara.

'Yan fim sun fi kowa sanin zafin almakashi. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 ake kai ruwa rana da ita. Amma duk tsananin ta, ita doka ce ta kafa ta a rubuce, kuma akwai in da ake kai kuka. Lokacin da kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008, ya ɗaukaka ƙara, Babbar Kotu ta soke hukuncin a 2009 ta ce a sake shari'a. Shi kuwa adimin, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne gandiroba. In ya cire ka, ba ka ma da bakin da za ka yi bayani, domin ƙofar ta rufe a bayan ka.

TO INA MAFITA?

Mafitar ba ta da nisa, kuma akwai guruf-guruf da ke bin ta su na zaune lafiya. Sirrin shi ne a kwaikwayi dokar nan ta tura saƙo biyar: a sa iyaka a kan aiki, ta hau kan kowa daidai.

A rubuta dokoki a bayanin guruf, gajeru, waɗanda kowa zai gani ranar da ya shigo: ba zagi, ba taɓa iyaye ko addini, ba tura cikakken fim, ba labarin mutuwa ko aure sai da majiya. A faɗi ƙarara cewa sukar fim da wasan jarumi halas ne. A sa lokacin kullewa da buɗewa, misali sha ɗayan dare zuwa bayan asuba, don kada kullewa ta zama makamin ranar fushi. A ware rana ɗaya ta talla. A taƙaita saƙon murya. Hukunci ya zama hawa-hawa, daga jan kunne a keɓe, zuwa goge saƙo tare da faɗin dalili, zuwa dakatarwa ta kwana biyu, kora ta zo ƙarshe. Adimin kada ya gaza uku, a samu mace a ciki, kuma kada duk su zama 'yan ɓangare ɗaya. Wanda rigima ta shafa kai-tsaye kada ya yanke hukunci, ya bar wa sauran. Wanda aka cire kuma a ba shi lambar wani adimin da zai kai wa kuka.

Mu ma mambobi da namu laifin. Wanda ya ga an zalunci wani ya yi shiru don kada a cire shi, ya sani gobe kan sa za a zo. Ni kai na a wancan daren shiru na yi, kuma har yau abin na ci na.

Yarinyar dai ba ta dawo ba, ko da aka aika ma ta da linki daga baya. Na ji ta buɗe nata guruf ɗin ita da ƙawayen ta, su na sharhin shirye-shirye duk mako. Namu kuwa ya na nan, mutum sama da ɗari uku, amma sai a kwana biyu ba wanda ya ce uffan in ban da barka da Juma'a. Ga duk mai riƙe da guruf, ranka ya daɗe, ka tuna jama'a ne su ka ara ma ka wannan kujera, kuma fita ba ta buƙatar izinin ka. Allah ya sa mu gyara.